Shigar Ƙaramin Zakara Akurkin Manya

Ƙanƙanta a jikin kaza iri uku ce, kuma sababbin masu kiwo a Bauchi kan yi asara saboda rashin rarrabe su. Akwai durgu, wato kazar gida mai gajerun ƙafafu wadda gangar jikinta ba ta gaza ta sauran ba sosai. Akwai bantam, wadda komai nata ƙarami ne tun daga baki har jela, kuma ta samo sunanta daga tashar jiragen ruwa ta Bantam a tsibirin Jawa na Indunusiya. Sannan akwai ɗan tsako, wanda shi kaɗai ne ƙanƙantarsa ke da ranar ƙarewa. Cikin dangin bantam akwai Serama ta Malesiya, wadda sau da yawa ba ta kai rabin kilo ko ta tsufa.

Wani magidanci a unguwar Jahun ya sayi irin wannan halitta a hannun wani mai yawo da kaji a keji, bisa tabbacin cewa ɗan Birahma ne, wato irin kajin nan masu gashi a ƙafa da ake ɗauka da hannu biyu. Wata da watanni yana ɗura masa abincin buhu yana kai shi ma'aunin mai tumatir, allura kuwa ba ta motsa ba, alhali alamun girma duk suna gabansa: zanko ya yi ja, leɓa ta sauko, gashin jela ya lanƙwasa, tsinin bayan ƙafa ya fara leƙowa, kuma babu ɗan tsakon da ke haɗa su duka. Binciken ya kammala ne wata asuba, lokacin da ɗan tsakon ya hau turmi ya yi cara da siririyar murya, uwargida ta leƙo ta ce, "Maigida, jaririnka fa ya balaga."

Tun a 1921 masanin Norwe Thorleif Schjelderup-Ebbe ya bayyana cewa kaji na da tsarin muƙami, inda kowace ta san wadda za ta sara da wadda za ta kauce wa, baƙo kuwa sai an gwada shi kafin a ba shi gurbi. Shi ya sa ƙa'ida ita ce a keɓe sabon zuwa na mako biyu zuwa huɗu, musamman da hunturu lokacin da annobar Niyukasil ke share akurki, a ɗiga masa rigakafin da ake yi a Vom ta Jihar Filato, sannan a ajiye shi bayan raga inda za a riƙa ganin juna babu taɓawa, daga ƙarshe a saka shi cikinsu da dare, a kuma ƙara mazubin abinci da na ruwa. Magidancin, wanda takaici ya riga ya cika, ya taƙaita matakan nan duka zuwa ɗaya: ya kama shi da hantsin Juma'a ya cilla shi tsakar gida.

Wata tsohuwar kaza mai kwanci ce ta buɗe taron, sauran suka mara mata baya ba tare da an gayyace su ba. Mai gidan ya kutsa ceto sanye da farar shaddar masallaci, ya taka kwanon jiƙaƙƙiyar dusa, ya zauna daɓas cikin kwatarniyar ruwan agwagi, wanda ake ceton kuwa tuni ya shige ƙarƙashin babbar rigar, kajin suka bi shi can. Maƙwabcin da ya leƙo ta katanga bai ce komai ba sai, "Malam, sannu da kiwo," wadda a irin wannan yanayi ta fi zagi ciwo.

Bayan mako uku ƙarƙashin kifaffen kwando, wato bayan an bi ƙa'idar a makare, aka sake shi da dare, sai abin ya juya ta inda ba a zata ba. Muƙami a akurki ba nauyi kaɗai yake bi ba, har da naci da rashin kunya, kuma ƙaramin yakan shige ƙarƙashin ƙirjin babban zakaran gidan ya sare shi a inda ba ya gani, har ta kai babban ya koma yin cararsa a bayan banɗaki, ita ma sai ya waiga tukuna. 'Yan tsakin da aka ƙyanƙyashe bayan kwana 21 na kwanci suka taso 'yan ƙanana, kowanne da kamannin ubansa, ta haka garken da aka so a ƙara wa girma ya fara raguwa daga tushe.

Da Sallah ta matso magidancin ya kawo shawarar a yanka shi, uwargida ta ƙi, bisa hujjar cewa gawayin da za a ƙona wajen dafa shi ya fi namansa tsada.