Garin Da Ke Maye Gurbin Tuwo: Nazari Kan Ƙafar Hagun Wani Malami a Rano da Kibiya

Kasuwancin da mutanen Arewa ke kira netwok, wanda masana tattalin arziki ke bayyanawa da talla mai hawa-hawa, tsari ne da kamfani ke kauce wa kanti da 'yan sari, ya miƙa hajarsa ga ɗaiɗaikun mutane, sannan ya yi musu alkawarin samu ta hanya biyu, wato ribar abin da suka sayar da hannunsu, da kamasho a kan duk abin da waɗanda suka shigo ta hannunsu suka saya. Wanda ya shigo da mutum shi ne na-samansa, wanda aka shigo da shi kuma na-ƙasa, kuma a wasu kamfanonin ana raba na-ƙasan gida biyu da ake kira ƙafar dama da ƙafar hagu, ba a kuwa biyan kamasho sai ƙafafun biyu sun yi nauyi daidai da juna. Kamfanin Nutrilite na Kalifoniya ne ya fara aiki da tsarin talla mai hawa-hawa a 1945, sai Amway da aka kafa a jihar Mishigan a 1959 ya yaɗa shi a duniya, kafin Mark Hughes ya kafa Herbalife a 1980 ya ɗora shi a kan garin rage ƙiba. A Najeriya sunayen da suka fi shiga kunne su ne Forever Living da GNLD da Tianshi da Longrich, sai dai kamfanin da wannan nazari ya shafa an sakaya sunansa, saboda har yanzu akwai sauran zumunci tsakanin waɗanda abin ya rutsa da su.

Shi kuwa garin, wanda masu tallarsa ke kira shek, haɗi ne na sinadarin gina jiki da akan tace daga waken suya ko madara, da sukari, da ƙamshin banila ko cakulan, da bitamin, ana dama cokali biyu a kofin madara a sha a madadin kwanon abinci guda. Asalinsa Amurka, inda aka fito da Metrecal a 1959 da SlimFast a 1977 domin mutanen da abinci ya yi wa yawa, kuma kofi guda ba ya wuce kalori 200 da 'yan kai, alhali namiji baligi yana buƙatar kimanin 2,500 a yini, mai riƙe da fartanya kuma fiye da haka. Hikimar garin ke nan gaba ɗaya, domin wanda ya bar malmala uku ya sha kofi guda dole ya rame, ko da garin alli aka dama masa.

Kawo irin wannan haja ƙasar Rano abu ne da ke buƙatar ƙarfin hali. Rano tana cikin Hausa Bakwai, sarkinta shi ake wa kirari da Autan Bawo, kuma tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako yankin ya zama na noman rani da damina, inda mutum kan wuni a cikin shinkafa ko masara ko albasa, ya dawo gida da tambaya guda a bakinsa, wato ko an sauke. Ƙiba a wannan yanki ba a ɗauke ta cuta ba, ana ma yi wa mai ita barka da hutu. Bugu da ƙari, abin sha mai maye gurbin abinci ya riga Metrecal zuwa duniya da ƙarnoni, sunansa fura da nono, kuma mai sayar da ita ba ta taɓa neman wanda ya sha ya kawo mata mutum biyu ba.

A cikin wannan yanayi ne mai wannan rubutu, malamin firamare da ke koyar da lissafi a ƙaramar hukumar Rano, ya samu gayyata daga wani tsohon abokin karatunsa zuwa abin da aka kira semina a wani ɗakin taro cikin birnin Kano. Ya kamata a rubuta, domin amfanin masu bincike na gaba, cewa malamin siriri ne tun haihuwa, har ɗalibansa kan ce idan ya juya gefe a gaban allo sai a ɗauka ya fita. Da ya gabatar da wannan uzuri, sai abokin, wanda tun a waya ya daina kiransa da sunansa ya koma kiransa Lida, ya bayyana masa cewa garin yana da basira, yakan rage wa mai ƙiba ya ƙara wa ramamme, ya danganta da abin da ya tarar. A ɗakin taron an nuna hotunan motoci da na wani jirgin ruwa, an gabatar da masu muƙamin Silba da Gwal da Dayamon sanye da kwat a tsakiyar bazara, aka yi tafi, aka kuma zana da'ira guda a kan allo da biyar a ƙarƙashinta, kowace da biyar a ƙarƙashinta, har alli ya kai ƙasan allon.

Wannan zane ya cancanci a tsaya a kansa, tun da yake darasi ne na aji shida. Idan kowa zai kawo mutum biyar, hawa na farko mutum 5 ne, na biyu 25, na uku 125, na huɗu 625, kuma a hawa na takwas ana neman mutum 390,625, adadin da ya zarce jimillar mutanen ƙananan hukumomin Rano da Kibiya a ƙidayar 2006, lokacin da kowacensu ba ta kai mutum 150,000 ba, har da jarirai da tsofaffin da ba su da haƙoran da za su yi kewar tuwo. A hawa na goma sha biyu ana neman mutum 244,140,625, wato sai an haɗa Najeriya kaf, har da waɗanda suka shigo da mai zanen. Ma'anar wannan ita ce, a kowane lokaci aka tsayar da lissafin, kusan kashi huɗu cikin biyar na mahalarta suna hawa na ƙarshe ba su da kowa a ƙarƙashinsu, kuma kuɗin rajistarsu da na kayan da ake tilasta musu saye kowane wata domin riƙe maki su ne ke hawa sama su zama motar da ke cikin hoton. Malamin lissafin ya ga wannan sarai, ya kuma yi tafi tare da jama'a, domin ya fahimci cewa shi a sama zai kasance. Kuɗin rajista da na katan ɗin farko sun fito ne daga kwasar adashen malamai, wadda uwargida ta riga ta yi wa lissafin buhun masara.

Ƙa'idar kamfani ita ce mai talla ya zama shaidar hajarsa, don haka malamin ya sanar da gidansa cewa daga ranar an cire shi daga tuwon dare. Uwargida ba ta yi musu ba, ta dai tambaya cikin ladabi, "Malam, har da ranar miyar taushe?" aka tabbatar mata cewa ilimin kimiyya bai ware kowace miya ba. Abin da ya biyo baya an tattara shi ne daga bakin shaidu. Wani dare can bayan an kashe fitilu aka ji motsin murfin tukunya a madafa, ƙanin maigidan da ke kwana a zaure ya ɗauko taɓarya, maƙwabta suka fito da tocila, aka kewaye madafar ana kiran ɓarawo ya fito da kansa, sai ga wakilin kamfani na yankin Rano a tsugune yana kankare ƙanzo da murfin gwangwanin garin da ke maye gurbin abinci. Bayanin da ya yi, cewa yana gwada bambancin sinadaran biyu ne, bai samu karɓuwa ba, kuma tun daga ranar yaran unguwa suka sa wa garin suna Sai-da-ƙanzo.

Da kasuwar Rano ta lalace ta wannan hanya, sai aka juya zuwa Kibiya, garin surukai, bisa koyarwar semina cewa a fara da na jiki. A nan ne tsarin Kalifoniya ya ci karo da wata doka da ta girme shi, wato kunyar suruki. Malamin ya durƙusa a zaure, ya gaida Baba, ya fito da gwangwani uku ya jera a gabansa yana shirin fara bayanin ƙafar dama, sai tsohon ya sa hannu ya jawo su, ya ce, "Kai, Malam, har da wahala haka? Allah ya yi albarka," ya kuma ƙwala wa yaro kira a shigar da tsaraba cikin gida. Babu wani babi a littafin horon kamfanin da ya koyar da yadda suruki zai buɗe baki ya ce wa uban matarsa kayan nan na kuɗi ne, saboda haka malamin ya amsa da amin.

Washegari Baba, wanda aka shaida wa cewa kofi guda yana daidai da kwanon tuwo, ya ga hanyar sauƙi ta ciyar da 'yan ƙwadagon da ke yi masa yankan shinkafa, ya sa aka dama gwangwani guda a bokiti aka kai gona. Ma'aikatan sun sha, sun yaba ƙamshin, sun goge baki, sannan suka zauna a gindin bishiya suna jiran abinci. Da aka yi musu bayani cewa abin da suka sha shi ne abincin, sai suka ajiye lauje, kuma ba a sasanta ba sai da aka dafa taliya da wake aka ƙara musu kuɗin yini. Surukar malamin kuwa, da ta sa aka karanta mata abin da ke jikin gwangwanin ta ji waken suya ne kan gaba, sai ta tambaya ko ba shi ne dai wanda ake awara da shi a ƙofar makaranta ba, ta kuma nemi sanin dalilin da ya sa da ya je ƙasar waje ya dawo sai kuɗinsa ya fi na tunkiya.

Hukumomi da malamai sun daɗe suna kai-kawo a kan wannan kasuwanci. A 2016 Herbalife ya amince ya biya dala miliyan 200 ga Hukumar Kula da Cinikayya ta Amurka, ya kuma sauya tsarinsa yadda lada zai dogara da abin da aka sayar wa masu saye na gaskiya, ko da yake hukumar ba ta rufe shi ba. Ƙasar Sin, mahaifar Tianshi, ta haramta irin wannan talla a cikin gidanta a 1998, kuma da ta sassauta a 2005 ba ta yarda da biyan kamasho hawa-hawa ba. Kwamitin fatawa na dindindin na Saudiyya ya haramta shi a 1425 Hijira, bisa hujjar cewa kamashon ake nufi, hajar kuwa labule ce, sannan akwai garari a ciki, wato jahiltar abin da mutum zai samu a madadin kuɗinsa. Masu kare shi suna cewa dillanci ne, amma dillalin kasuwar shanu ba ya sayen sa kowane wata kafin a ba shi la'adarsa. Suna kuma cewa ya bambanta da MMM, harkar zuba kuɗin nan da ta rufe asusun 'yan Najeriya a Disamban 2016, kuma a nan suna da gaskiya, domin wanda MMM ta cinye ba a bar masa ko gwangwani ba.

Jarin da wannan kasuwanci ke ci na haƙiƙa shi ne zumunci, kuma malamin ya kashe nasa cikin hanzari. Abokan aiki da suka karɓi gari bashi sun ce sai albashi ya shigo, da ya shigo kuma suka ce bai yi musu aiki ba. A majalisar bayan la'asar aka lura cewa da zarar ya doso da baƙar jakarsa sai kowa ya tuna alwalarsa ta karye, a wajen ɗaurin aure kuma akan bar masa tabarma guda shi kaɗai. Ƙafarsa ta dama ta samu mutum ɗaya, wani mai gyaran babur da ya ɗauka fam ɗin tallafin gwamnati ne, ta hagu kuwa ta ƙi motsi, har na-samansa ya ba shi shawarar da ake ba kowa a wannan mataki, ya yi wa uwargida rajista da kuɗinsa. Ta haka malamin ya zama yana sayen gari da sunan matarsa domin a biya shi kamasho a kan kuɗin da ya fita daga aljihunsa, kuma kamashon farko da ya shigo bai kai kuɗin motar da ya biya zuwa Kano ɗauko kayan ba.

Da wa'adin da ke jikin gwangwanayen ya ƙarato, katan-katan kuma suka hana buɗe ƙofar ɗaki, sai uwargida, ba tare da neman izinin kamfani ba, ta fara zuba garin a cikin dusa da ƙaiƙayin ragon da ta turke. Ragon bai bar harawarsa ba, bai kuma bar dusarsa ba, garin ƙari ya zame masa, don haka ya yi ƙiba ta ban mamaki har gashinsa na sheƙi, kuma da layya ta matso aka sayar da shi da daraja, kuɗin kuwa na mai rago ne, kamar yadda shari'a ta tanada. Shi ne kaɗai mahaluki a ƙananan hukumomin biyu da garin ya yi wa tasirin da za a iya aunawa.

Ba da jimawa ba na-saman ya bugo waya yana neman shaidar nasara, wato hoton kafin da na bayan amfani, domin a haska a semina ta gaba. Malamin, wanda a matsayinsa na mai koyar da lissafi ba ya son ba da bayanan da ba su inganta ba, ya tura masa hotunan ragon guda biyu tare da cikakken bayani. An ɗan yi shiru a ɗaya ɓangaren, sannan na-saman ya ce sakamakon ya ƙayatar ƙwarai, ya kuma tambaya ko wanda ya sayi ragon yana da lambar waya, tun da har yanzu akwai gurbi a ƙafar hagu.