Alhaji, Banza Ta Kai Zomo Kasuwa

Alhaji, daina riƙe aljihu, ba taimako na zo nema ba. Na san abin da ke bakinka: banza ba ta kai zomo kasuwa. Wai mutum ya kwana gaban kwamfuta yana gina manhajar taswira, gari ya waye ya ce kowa ya ɗauka, ko dala ba ya so? A Kilo Biyar ta nan Bangui, inda ko ledar zuba kaya sai an ja ciniki, ai wannan tatsuniya ce.

To, ciro wayarka. Android ce ko? A kan Linux aka gina ta, wanda wani ɗalibi ɗan Finland, Linus Torvalds, ya saki kyauta a 1991. Da ita kake kiran direba kullum kana tambayar ko kayan Duwala sun wuce Garoua-Boulaï. Ashe banzar ta daɗe tana kawo maka buhunan sukari, godiya ce kawai ba ka yi ba.

Buɗaɗɗiyar manhaja kamar mai kilishi ce da ya rubuta haɗin yajinsa ya manna a jikin tebur: kowa ya karanta, ya gwada, wanda ya ga gishiri ya yi yawa ya gyara, kowa ya amfana da gyaran. Haka QGIS take, manhajar zana taswira da Gary Sherman ya fara a 2002. Haka OpenStreetMap, taswirar duniya da Steve Coast ya assasa a Ingila a 2004, wadda kowa ke iya ƙara titi ko rijiya a cikinta, kowa kuma ya kwasa, muddin zai faɗi inda ya samo. Me masu aikin suke ci? Kwantar da hankalinka, ba iska suke sha ba. Manhajar ce kyauta, amma koyarwa, da girkawa, da gyara ta dace da bukatar wata hukuma, duk da kuɗi ake yi. Na ga ka gyara zama da aka ambaci kuɗi.

Kai kuma ƙanena ɗan acaɓa, na ji ka. Ka san kowane lungu na unguwar Miskine ko da an rufe maka ido, me za ka yi da taswira? Sannu gwani. Amma ranar da ma'aikatan rigakafi suka zauna raba unguwanni, ba kanka za su buɗe su duba ba. Abin da ke kan takarda za su bi. Kibera ta Nairobi, mai ɗimbin jama'a, kusan fili ce fetal a taswira har 2009, lokacin da samarin unguwar suka ɗauki na'urar GPS suka zana ta da kansu. Bayan girgizar ƙasar Haiti a Janairun 2010, 'yan sa-kai sun zana Port-au-Prince cikin 'yan kwanaki, masu ceto suka yi aiki da zanen. Da rikici ya ɓarke a nan ƙasar a 2013, irin waɗannan 'yan sa-kai sun zauna a ƙasashensu suna zana titunan Bangui daga hoton tauraron ɗan'adam.

Ga inda gizo ke saƙar. Mai zane daga Faransa kwano kawai yake gani daga sama. Ya danna kusurwa huɗu, ya rubuta "gini", ya wuce na gaba. Bai san wannan makarantar allo ce ba, bai san wancan famfon ya shekara ba ya kawo ruwa ba, bai san lungun da ke kama da hanya yana ƙarewa ne a bangon wani ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kai da wayarka, da fom na manhajar KoboToolbox, ka tsaya gaban famfon, waya ta kama wurin, ka danna "ya lalace". Ko babu intanet ta ajiye, in sabis ya dawo ta tura. Kada ka kawo min uzurin ɗauke wuta.

Malam, kai ne ka yi shiru, kuma maganarka ta fi nauyi. Wanda ya ga 2013 da 2014 a unguwar nan ba zai so a nuna wa duniya ƙofar gidansa ba. Gaskiya ne, shi ya sa ba a rubuta sunan mai gida a irin wannan taswira, kuma ya kamata dattawa su zauna da yaran da za su yi zanen su yanke abin da za a sa da wanda za a bari. Sai dai, Allah gafarta Malam, tauraron bai nemi izininka ba da ya ɗauki rufin ɗakinka. A buɗaɗɗiyar taswira kana iya ganin abin da aka rubuta, da wanda ya rubuta, ka sa a gyara. A rufaffiya sai dai ka ji labari.

Hajiya tana tambaya ko taswira na kwashe ruwa daga tsakar gida. Ba ta kwashewa, ranki ya daɗe. Amma kin tuna Oktoban 2019, da kogin Ubangi ya cika ya raba dubban mutane da gidajensu. Akwai 'yar na'urar da ake maƙalawa a gada, tana auna tashin ruwa tana tura lamba ta waya. A haɗa lambar da taswirar magudanai da kwaruruka, sai a san wa za a fara tayarwa daga barci. Yadda ake harhaɗa irinta a buɗe yake, yaron da ke gyara miki waya a titin Koudoukou zai iya koya.

Saboda haka ku ci gaba da taɓe baki, ba a biyan haraji a kansa. Amma ranar da aka zo rabon gidan sauro da taswira a hannu, aka tsallake lungunku, kada in ji wani ya ce an yi son kai. Ku fara tambayar 'ya'yanku, masu ƙarar da data a kallon ƙwallo, dalilin da ya sa har yau ba su sa unguwar ubansu a ciki ba.