Kawu da Motar da Ta Manta Lissafi

Tun da Shugaba Tinubu ya cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, kawuna ya zama mai gadin allurar tankin motarsa. Da Corolla ɗin ta fara zuƙar fetur babu ƙaƙƙautawa, tana fesa baƙin hayaƙi, tana mutuwa a danja, sai ya fara tuhumar ɗansa, wai yana sace ta cikin dare ya tafi zance. Aka ƙwace makulli. Mota ba ta fasa ba.

Bakanikensa, wanda da kunne yake gano ciwon mota, ya canja fulogi, ya canja famfon mai. Da fitilar gargaɗin injin ta ƙi mutuwa, sai ya manna mata baƙin salatif, ya ce, "Alhaji, kada ta riƙa tayar maka da hankali."

Da kyar na ja shi wurin masu duba mota da kwamfuta. Tun 1996 motocin da ake sayarwa a Amurka ke zuwa da soket ɗin OBD-II a ƙarƙashin sitiyari, ta Kawu kuwa daga can ta biyo ta Kwatano. Aka jona, na'ura ta nuna lambar matsala P0101. Eyafulo ne.

Ɗan abu ne da sukuru biyu ke riƙe da shi a bututun da ya tashi daga iyakilina zuwa injin. A cikinsa akwai siririyar waya da lantarki ke ɗumamawa, iskar da ke shiga tana sanyaya ta. Daga yawan wutar da wayar ke ci don riƙe zafinta ƙwaƙwalwar mota ke gane nauyin iskar, sannan ta auna fetur, kusan giram 1 ga iska giram 14.7. Ƙurar hunturu ta lulluɓe wayar, lissafi ya rikice.

A wani shagon kayan mota aka jera masa uku: sabo na asali daga Denso, kamfanin da ke yi wa Toyota, da tsoho ɗan Beljiyam, da na ukun da mai shago ya kira "a lallaɓa". Kawu ya ji farashin na farko, ya yi salati, ya ɗauki na uku. Ai duk roba ce, in ji shi.

A ido kam babu bambanci, har soket ɗin ya shiga daidai. Sai dai ƙwaƙwalwar tana da jadawalin da aka tsara mata bisa siginar na asali, jabun kuwa nasa karatun daban yake kawowa. A jerin gwanon kai amarya abin ya tonu: motar ta riƙa tsalle kamar akuyar da ake ja zuwa kasuwa, gwaggwannin ango na baya suna kalmar shahada, daga ƙarshe abokan ango suka tura ta da manyan riguna.

Kawu ya koma ya biya kuɗin Denso, fuska a murtuke. Cikin 'yan mintuna aka ɗaura, aka goge lambar matsalar, injin ya dawo silo lafiya lau. Kafin a rufe bonet mai kwamfuta ya buɗe iyakilina, sai ga matatar iskar a yage, saboda yaran gareji sun saba buga ta a jikin taya maimakon a sayi sabuwa. Ta nan ƙurar ke shiga. Ya ce lallai a canja ta yau.

Kawu ya shafa aljihu, ya dube shi. "Ita ma akwai ta a lallaɓa?"