Ɗorin Ƙashi a Kwamfuta

A manhajar Blender, ƙera mutum ba wuya. Saka masa ƙasusuwa ne aiki. Kowane ƙashi sai an shafa masa launi: ja inda yake jan fata sosai, shuɗi inda ba ruwansa. Hannu ya ɗan goce, sai jarumi ya durƙusa gaida surukinsa, kunnensa ya bi gwiwa ƙasa. Sarkin ɗori ma sai ya sallama.

Wajen haske kuwa, fitila uku ta isa, amma ɗan koyo goma yake kunnawa, fuska ta yi fari fat.

Da manhajar nan 'yan Latbiya suka shirya fim ɗin Flow, ya ci Oscar a 2025. Sun yi wayo: kyanwa ce jarumar, ba ta magana, balle a sha wahalar leɓe.