Ɗan Jaka Ya Tafi Rano

Ɗan ƙanwata ɗalibi ne a Jami'ar Bayero, kuma a hutun da ya wuce wayarsa ta shafa masa wata sabuwar cuta. Wani yaron Bature ya gani, ɗalibi kamarsa, ya goya jaka ya zaga ƙasashe uku na bakin tekun Baltik: Estoniya, Latbiya da Lituwaniya. Daga Talin ya hau bas zuwa Riga, daga Riga sai Bilniyus, kuɗin duk yuro ne, kan iyaka kuma ba shinge. Kwana a ɗaki mai gadaje hawa biyu da mutanen da bai san asalinsu ba, abinci baƙin burodi da kifi, da dare ya zauna ya rubuta duk sisin da ya kashe.

"Kawu, ni ma zan yi."

"Da wace biza?"

"A gida zan fara. Rano da Kibiya, in ƙarasa Tiga. Kwana huɗu, naira dubu 15."

Na ce masa in dai tafiya da guzuri kaɗan ce, Bature ƙane ne. Fatakenmu sun taka har Gwanja neman goro, gardi ya je gabas da allo da buzu, ɗan cirani ya fita da tabarma da buta. Sai dai kowannensu akwai abin da ya fitar da shi. Bahaushe bai taɓa ɗaura ɗamara don ya je ya kalli dutse ya dawo ba. Yaro ya ce wannan tsohon tunani ne. Na ce Allah Ya kiyaye hanya.

Tun a tasha lissafi ya fara rushewa. Kuɗin motar da ya rubuta, ashe na kafin 29 ga Mayun 2023 ne, lokacin da fetur ke da tallafi. Kwandasta ya dubi jakar, ya ga ta fi wasu fasinjoji ƙiba, ya ce ita ma kujera za ta biya. Ba su kai Bunkure ba wani dattijo ya juyo.

"Samari, biki ko rasuwa?"

"Yawon buɗe ido ne, Baba."

"Ayya, sannu. Ciwo idon yake yi?"

Kafin a shiga Rano mota ta rabu gida uku. Wasu sun ce ɗan ƙidaya ne, tunda rabon da a ƙirga mu tun 2006. Wasu sun ce ma'adinai yake nema. Wata mata a kujerar baya ta ce ita dai ta ga alamar an kore shi daga makaranta.

Niyyarsa ya hau dutse, ya ga fadar Autan Bawo, ya ji yadda aka yi Rano ta zama ɗaya daga Hausa Bakwai, har labarin Bayajida ke kiran ta ita da Kano sarakunan baba, wato baban rini. Da dare ya kama ɗan ɗaki mai araha. Bai yi taku ashirin ba wani mai shayi ya gane kunnuwansa. Kunnuwan gidanmu ne, ba sa ɓoyuwa. Kafin ya shanye kofi an kai labari gidan ƙanwar kakarsa, ta aiko yara huɗu su taho da shi.

"Angona, ka shigo garin nan ka nemi ɗakin haya? Mutuwa na yi?"

Yaro ya yi murna, ya soke kuɗin masauki daga littafi. Bai san kwanan kyauta ya fi otal tsada ba. Washegari da sassafe tsohuwa ta jero masa gidaje goma sha ɗaya: ta'aziyyar bara, ta'aziyyar bara waccan, barkar haihuwa, duba mai karaya, da wata gwaggo da ba abin da ya same ta amma in aka tsallake ta sai an yi shekara ana sulhu. Kuma ɗan birni, ɗan jami'a, ba ya shiga gida hannu rabbana. Nan sabulu, can sukari, gaba goro. Kowane zaure yara na jira: "Yaya, ina tsarabarmu?" Kowane gida kwanon tuwo, in ka ce ka ƙoshi an ce ka raina. Kwana uku ya yi a Rano. Dutsen kuwa ya gan shi, daga kan babur, yana barin gari.

A Kibiya ba mu da dangi, don haka ya ce yau zai yi yawonsa irin na Bature. Ya tsaya a wani ƙauye yana ɗaukar hoton rumbu. Ni ban ga laifin mutanen ba. A wannan zamani baƙo da ƙatuwar jaka yana ɗaukar hoton rumbunka, ai ba sai an gaya maka ka kira maƙwabta ba. Suka raka shi gaban mai unguwa cikin mutunci.

"Wa ya aiko ka, yaro?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe."

"Me kake sayarwa?"

"Ba komai."

"Wa ka zo gani?"

"Gari kawai."

Dattawa suka yi shiru suna nazari. Can wani ya yi dariya ya ce a bar yaro, kunya ce, mata ya zo nema. Nan take kowa ya huce, don wannan dalili ne da hankali ke ɗauka. Aka kawo fura. Aka fara aiken 'yan mata su wuce ta gaban zauren ɗaya bayan ɗaya, wai ɗiban ruwa.

Madatsar Tiga dai tana nan inda Audu Bako ya bar ta, bai je ba. Rana ta biyar wayata ta yi ƙara: "Kawu, turo min dubu 10." Ya dawo da rabin buhun gyaɗa, ƙullin kuka, daddawa, da zakara biyu, kuma duk sai da ya biya musu kuɗin mota. Littafin lissafin ya tsaya a shafi na biyu.

Ranar Asabar da ta wuce aka yi sallama a ƙofar gidana. Dattawa uku ne daga ƙauyen nan, sun zo binciken asalin yaro. Motar hatsi ce ta rage musu hanya, kowa da 'yar jakarsa a kafaɗa. Sun ce tunda sun shigo birni za su ga Kurmi, su hau Dala, su leƙa gidan zu. Yau kwanansu shida a zaurena, ko sisi ba su kashe ba, kuma jiya babbansu ya tambaye ni ko Katsina da nisa, da kuma ko ina da ɗan'uwa a can.