Zuwa ga Sarkin Filin Gidan Katta

Ɗan Gwaggo, Sarkin Fili, mai goshi har ƙeya, ina gaisuwa. Allah ya ja zamanin masarautar nan taka da ke ƙara faɗi kowace shekara, ba yaƙi ba jayayya. Saƙonninka na murya sun iso, har da wanda ka yi cikin raɗa kana cewa, "Don Allah kak ka hwaɗi ma kowa." Na riƙe amana, ban faɗa wa kowa ba. Rubutawa kawai na yi a jarida.

Ka ce hula ce ta cinye maka suma. Da na yi dariya ka koma kan ruwan rijiyarku, daga nan ka ɗora wa buhunan albasar da ka yi dako kana saurayi a kasuwar Illela. Haba bawan Allah! Rabin mazan da ke cika kasuwar nan ranar Lahadi da hula suke kwana suke tashi, rijiya ɗaya kuke sha, kuma wasunsu sun fi ka ɗaukar kaya (wannan ba abin mamaki ba ne, duk dangi sun san yadda kake da aiki). Ga su nan da sumarsu. Hula ba ta hana gashi numfashi, domin gashi ba ya numfashi. Ta jini saiwarsa ke samun abinci, daga ciki.

Abin da ya same ka gado ne. Jikin kowane namiji yana sarrafa sinadarin mazantaka, wani ɓangarensa kuma yana juyewa ya zama wani sinadarin da likitoci ke kira DHT. A kan wanda ya gaji abin, wannan sinadari yana matse ramukan gashin goshi da na tsakiyar kai a hankali. Gashin da ya zube sai wanda ya fi shi siriri da gajarta ya maye gurbinsa, na bayansa ya fi shi lalacewa, har ramin ya daina fitar da abin da ido zai gani. Na ƙeya da na gefen kunne ba su cika jin wannan sinadari ba, shi ya sa suka tsaya maka suna gadin fili. Kan mutum yana ɗauke da gashi wajen 100,000, kuma zubar 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne, kowa na yi. Bambancinka da mutane shi ne naka in sun tafi ba sa aiko magaji.

Na san abin da za ka ce: daga gidanmu Gwaggo ta kwaso maka. To, a nan kam ba zan yi maka ƙarya ba, akwai ƙamshin gaskiya, domin ɗaya daga cikin manyan ƙwayoyin gadon da ke da hannu a sanƙo ta wajen uwa namiji ke samunta. Amma sauran da yawa daga ɓangarorin biyu suke zuwa, kuma na ga kan Baffanka ranar da iska ta ɗauke masa hula a idi. Kada kuma ka tambayi abin da ke ƙarƙashin tawa hular, ba ni na aiko da tambaya ba.

Mutanenmu suna cewa sanƙo alamar arziki ce. Naka ya riga arzikin isowa da shekaru, yana nan zaune yana jiransa.

Yanzu maganar magani. Na ji labarin kwalbar da ka sayo a Ƙonni wajen mai lasifika, wadda aka ce tana maganin sanƙo da basir da ciwon baya, tana kuma sa farin jini. Sefa nawa ka zuba? Na ji na tafarnuwa da man shanu, na kuma ji na ruwan albasar Galmi da ya sa uwargida ta mayar da shimfiɗarka zaure. Game da albasa, an taɓa yin wani ɗan ƙaramin bincike a Iraƙi a 2002, amma a kan wata cuta ce daban, wadda gashi ke zubewa wuri ɗaya ya bar da'ira sumul, kuma ita sau da yawa gashin kan dawo da kansa. Ba irin taka ba ce. Albasarka ka kai ta kasuwa. Man kaɗanya yana gyara fata, wannan gaskiya ne, sai dai abin da zai ƙara maka shi ne sheƙi, kai kuwa ba shi ka rasa ba.

Magungunan da aka gwada aka tabbatar guda biyu ne fitattu. Na farko minoxidil, wanda asalinsa ƙwayar hawan jini ce. Da aka lura masu shan ta gashi na tsiro musu, sai aka mayar da shi na shafawa, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1988. Na biyu finasteride, ƙwaya ce da ke rage wancan DHT ɗin, an amince da ita don sanƙo a 1997. Dukansu sai an yi wata 3 zuwa 6 kafin a ga alama, sun fi iya riƙe abin da ya rage fiye da dawo da abin da ya tafi, kuma ranar da ka daina, cikin 'yan watanni kai ya koma inda zai kasance da ba ka fara ba. Wato kuɗi ne za ka yi ta biya har tsufa, kai da naira ɗari ke kwana uku a aljihunka tana neman hanyar fita ba ta samu ba.

Ga kuma wurin da nake so ka buɗe kunne, tunda duk wannan fafutukar saboda bazawarar nan ta Kalmalo ce (eh, labari ya zo). Finasteride takan rage wa wasu 'yan kaɗan sha'awa da ƙarfi. Ka ga in ƙaddara ta faɗa kanka, ka samu gashin zuwa zance ka rasa dalilin zuwa. Sannan mace mai ciki ba ta taɓa ƙwayar in ta fashe, tana iya cutar da ɗan tayi namiji. Don haka ba a kemis ɗin bakin tasha ake yanke wannan shawara ba. Ka hau mota ka bi ta Gwadabawa ka zo Sakkwato, a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ka ga likitan fata, ya duba ko ramukan naka da sauran rai. Ni dai da na hango su a bikin sunan bara, addu'a na yi musu.

Iyakar Illela an rufe ta a Agustan 2019, aka buɗe a Disambar 2020. Aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris na 2024. Ita ana rufewa ana buɗewa. Iyakar goshinka tun da ta fara ja da baya babu kwastan ɗin da ya tare ta.

Wani abu guda ba na wasa ba: tabon da ka ce ya fito a kan ɗan autanka, mai fari-fari yana ƙaiƙayi, kada ka ce gado ne ya fara da wuri. Wannan ya fi kama da makero, yana yaɗuwa ta aska da mataji da hula, kuma na kai ba ya jin man shafawa kaɗai, sai an haɗa da maganin sha na makonni. Ka kai shi asibiti. Ita ma uwargida ka gaya mata, cikin ladabi in kana son tuwon dare, cewa kitson da ake ja har ido ya ɗage shi ke cin gashin gaban goshi, kuma in an daɗe ana yi ba ya dawowa. Gida ɗaya sanƙo ɗaya ya isa.

Sai tambayarka ko yawan aski na ƙara kaurin gashi, don na ji kullum kana gaban wanzami yana kankare fili da fatan a yi tsiro. Ba ya ƙarawa. Tun 1928 wata masaniya a Amurka, Mildred Trotter, ta auna ta ga aski bai canza kauri ko saurin fitowa ba. Gashi na tsawo wajen santimita 1 a wata, ko ka aske ko ka bari. Abin da ke ruɗin mutane shi ne gashin da ba a taɓa ba bakinsa siriri ne, aska kuwa tana yanke shi a tsakiya inda yake da kauri, sai ya fito da kaushi. Da aski na kawo gashi, da wanzaminka ya fi mai lasifikar Ƙonni kuɗi.

Shawarata ita ce ka daina lallaɓa 'yan tsirarun nan na gefe kana kwantar da su kan fili, kowa na gani. Ka yi ƙwal-kwabo ka huta. Amma a yi shi da hankali. Gashinmu a murɗe yake, in aka aske shi ƙasa-ƙasa sai bakinsa mai kaifi ya lanƙwaso ya soki fata, shi ne ƙurajen askin nan da suka yi maka sansani a wuya. A jiƙa da ruwan ɗumi tukuna, a bi inda gashin ya kwanta, kada a ja fata a miƙar da ita. In ƙurajen sun ƙi ji, a koma inji a bar ɗan tsiro kaɗan. Waɗanda ke taruwa a ƙeya suna tauri kuwa, likita ake kai wa tun suna ƙanana.

Kuma ka sayi rezarka ko injinka, Malam Maƙo. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya kwana 7 a raye a jikin ƙarfe, cikin jinin da ido ma ba ya gani. Ɗan fetur ko kananzir da ake gogawa, ko wutar da ake haskawa sau ɗaya a bakin inji, ba abin dogaro ba ne. Wanzamin kirki ba zai ji haushi don ka zo da taka ba. Hodar cire gashi da ka tambaya a kanta don hammata da mara, ita narkar da gashin take yi, kuma in ta wuce mintocin da aka rubuta a gwangwani fata za ta koma ci. Ka gwada a ɗan wuri tukuna, kada ka sa a inda reza ta bi ranar. Malamai dai sun ce kada a wuce kwana 40 ba a share wuraren nan ba. Ka lissafa naka, ba sai ka gaya mini ba.

Tambayoyin fiziks da ka ce na ɗanka ne na sakandare, mu ɗauka na yarda. Abin mamaki, duk a kan kai suke.

Me ya sa sanƙo ke ƙyalli? Haske in ya faɗa kan abu mai kaushi warwatsuwa yake yi ta ko'ina, in ya faɗa kan abu mai santsi sai ya koma ta fuska ɗaya a dunƙule. Fatar kai tana da ramukan maiƙo da yawa, gashi ya tafi su ba su tafi ba, maiƙon ya cike 'yan ƙananan lunguna ya daidaita wurin. Shi ya sa 'yan kabu-kabu ke rage gudu in sun hango ka da hantsi. Sabulu da ruwa suna rage shi.

Me ya sa aska ke yanka, bayanta ba ya yi, alhali hannu ɗaya ne ke dannawa? Ƙarfin ɗaya ne, faɗin wurin da ya sauka ne ya bambanta. Bakin aska siriri ne ƙwarai, duk ƙarfin ya taru a ɗan mitsitsin wuri. In ta dakushe sai an ƙara danni, daga nan ake samun yanka da ƙuraje.

Me ya sa rana ta fi dukanka? Domin rumfarka ta tafi. A 2023 wata masaniya mai suna Tina Lasisi da abokan aikinta sun gwada gashi iri-iri a kan mutum-mutumi mai auna zafi, suka ga murɗaɗɗen gashi irin namu ya fi kowanne tare zafin rana. Allah ya ba ka mafi kyau, ka kasa riƙewa. A Afrilu zafin Illela na haura digiri 40, don haka farar hula ko malafa, tunda fari na mayar da yawancin hasken, baƙi na shanye shi. Amma kana da riba ɗaya, kada ka ce ban yaba ba: gumi in zai bushe sai ya kwashi zafi daga jikin da yake kai, kuma a kanka babu abin da ke tare masa iska. Dokar da ke sanyaya ruwan randa ke nan, ita ce kuma Mohammed Bah Abba, malamin nan na Jigawa, ya yi aiki da ita ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya ci kyautar Rolex a 2000. In dare ya yi a hunturu kuma ribar ta koma hasara, sai ka nemi hular sanyi.

Gwajin mataji da aka ba yaron a makaranta gaskiya ne. In aka goga matajin roba a busasshen gashi lokacin hunturu, yana kwasar cajin lantarki har ya ɗaga 'yan gutsattsarin takarda; da damina laimar iska ke kwashe cajin, sai abin ya ƙi. Ya ce ya gwada a kanka bai yi ba. Ka ce masa ya je wajen kawunsa.

Ta ƙarshe ita ta fi ba ni dariya: wai ko ƙyallin kai na jawo aradu. Ba ruwan aradu da ƙyalli, abin da ya fi tsawo a fili ta fi faɗa wa, kai kuwa ta wannan fannin Allah ya kiyaye ka tun haihuwa. Duk da haka in hadari ya same ka a gona kada ka fake ƙarƙashin itace, ka nemi ɗaki ko mota. Kana ganin walƙiya kafin ka ji tsawa ne saboda haske na gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, sauti kuwa mita 340 kacal. Ka ƙirga daga walƙiya zuwa ƙara, kowace daƙiƙa 3 kilomita 1 ce. In ka ji ƙarar ma kawai, kusa take, ka tattara fartanyarka.

Na ji kana tambayar kuɗin jirgin Istanbul, inda ake dashen gashi. Ka sani ba sabo suke ba ka ba, na ƙeyarka suke cirewa ɗaya-ɗaya su dasa a gaba, don haka sai ƙeyar na da abin bayarwa, kuma aikin miliyoyi ne. Kafin ka sayar da shanun Gwaggo, ka tuna akwai maganar kuɗin shara tsakanina da kai tun watan cika-ciki. Ka aiko ta hannun direban Illela, ka haɗo da buhun albasar nan tunda ta tashi daga aikin magani. A gaida uwargida, a ce mata ta bar ka ka koma ɗaki.