Sarakunan Kan Tebur: Ire-iren Masu Gina Duniyar Ƙaramin Jirgin Ƙasa

A Ingila da Jamus da Amurka da Japan akwai wasu bayin Allah, galibinsu dattawa masu furfura, waɗanda da an gama cin abincin dare sai su sulale zuwa gareji ko ɗakin saman rufi, su ja ƙofa. A ciki akwai tebur, a kan teburin an shimfiɗa layin dogo mai faɗin ɗan yatsa, ga ɗan ƙaramin jirgi mai aiki da lantarki yana zagaya shi. Mallakar jirgin ba ta da wuya, domin kamfanoni irin su Märklin na Jamus da Hornby na Ingila sun haura shekara 100 suna ƙera shi. Inda gizo ke saƙar shi ne abin da za a kewaye dogon da shi: duwatsu da gadoji, gonaki da koguna, tasha da gidaje da mutanen cikinsu. A ma'aunin da ake kira HO, kowane abu an rage girmansa sau 87, ƙaton mutum ya koma santimita 2. A ma'aunin N, mai sau 160, sai an sa gilashi kafin a gane namiji da mace.

Duk wanda ya taɓa ƙera motar kara yana yaro ya san daɗin abin. Bambancin kawai, waɗannan sun ƙi dainawa har sun yi jikoki. Kuma tun da kowa shi ne sarki a kan teburinsa, ba majalisa ba 'yan adawa, halin mutum yakan fito a fili. Ga waɗanda aka fi gamuwa da su.

Malam Ƙirga-Ƙusa

Wannan ba ya zuwa baje kolin jiragen don ya ji daɗi, gyara yake zuwa yi. Yana tafe da gilashin ƙara girma a wuya da ɗan ma'auni a aljihu. Ka yi wata shida kana gina tasha, ka jera bulo, ka sa taga, ka dasa furanni. Zai sunkuya ya daɗe yana dubawa, sannan ya ɗago ya ce, "Sannu da ƙoƙari, abokina. Sai dai wannan launin fentin ba a fara shafa shi a ƙofofin tasha ba sai bayan shekarar da kake kwaikwayo." Daga nan ya wuce teburin gaba ya ɓata wa wani rai.

Babban baƙin cikinsa ya girme shi. Turawan Ingila sun fi amfani da ma'aunin OO, mai rage abu sau 76, amma suna ɗora jiragensu a kan dogon HO mai faɗin milimita 16.5. Dalili kuwa, a shekarun 1930 injin lantarki bai ƙanƙance yadda zai shiga cikin ƙananan jiragen Ingila ba, sai aka ƙara girman jiki aka bar dogo yadda yake. Da an bi lissafi, faɗin da ya dace milimita 18.83 ne. A kan wannan tazara da ba ta kai milimita 3 ba an kafa ƙungiyoyi, an rubuta wasiƙu masu zafi zuwa mujallu, abokai sun daina gaisawa. Malam Ƙirga-Ƙusa da hannunsa yake harhaɗa dogonsa, katako ɗaya bayan ɗaya. Ko hirar yanayi kuka fara, sai ta ƙare a kan milimita. Zancen gizo ba ya wuce na ƙoƙi.

Injiniyan Kan Kujera

A bakinsa, ya gama gina birni guda. Ya san inda kogi zai ratsa, da inda jirgi zai shige ƙarƙashin dutse, da yawan bishiyoyin da za su tsaya a bayan makaranta. Yana da tarin mujallar Railway Modeller tun na zamanin samartakarsa, da zane-zanen taswira cike da jaka. A ƙarƙashin gadonsa akwai kwalayen gidaje na Faller da Metcalfe waɗanda ko ledarsu ba a yaga ba. Abin da babu shi ne tebur. Kullum da uzurinsa: sai yara sun bar gida ɗaki ya samu, sai ya yi ritaya, sai an gyara rufin gareji. Yara sun tafi, ritaya ta zo, sai ya gano cewa ma'aunin da ya zaɓa bai dace ba, a sake zane daga farko. Duk da haka, babu wanda ya kai shi ba da shawara a kulob. Idan ya fara bayanin yadda ake zuba ruwan roba ya daskare ya zama tafki, sai ka rantse ya yi sau ɗari. An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce mu gani a ƙasa.

Ɗan Bola

Shi kuma ya yi rantsuwa ba zai ba mai kanti ko sisi ba. Idonsa ya riga ya lalace, ba ya ganin abu a yadda yake. Farin soson da ake tare talabijin da shi a kwali, dutse ne. Busasshen ganyen shayi, ƙasar gona ce. Tsinken katakon da ake juya kofi da shi a shago, shingen gida ne, shi ya sa yake cika aljihu da shi duk inda ya shiga. Garin katako da aka rina kore, ciyawa ce. Tsohuwar wayar lantarki idan an murɗa ta aka buɗe bakinta, ta zama bishiya da rassanta. Har 'yar tsanar jikarsa mai gashi ba ta tsira ba, domin masana sun daɗe da sanin cewa irin wannan gashi, in an rina shi aka tsefe, babu abin da ya fi shi kama da doguwar ciyawa.

A gidansa kaya ɓata suke yi. Matacin shayi ya tafi yayyafa ciyawa. Sabulun wanke kwanuka ya tafi aikin tsakuwa, saboda idan za a manne 'yan duwatsun gefen dogo, ana sirka gam da ruwa, a ɗiga sabulu kaɗan don ruwan ya ratsa tsakuwar maimakon ya dunƙule a samanta. Uwargida ta leƙo ta ce, "Maigida, ina injin niƙa kayan miyata?" Ya amsa ba tare da ya ɗago ba, "Yana niƙa soso, ganyen daji nake haɗawa."

Sarkin Dauɗa

Mutum ya ɗauki kuɗi masu kauri ya sayo sabon kan jirgi yana ƙyalli. Kafin gari ya waye ya shafe shi da baƙin hoda, ya ɗiga masa tsatsa, ya zana masa yoyon mai. Hujjarsa ba ta da kuskure: a duniyar gaske babu abin da ke zama sabo, kuma gini mai sheƙi a kan tebur yana tona asirin cewa roba ce. Saboda haka bango sai ya yi gansakuka, kwanon rufi sai ya ci tsatsa, bakin ramin jirgi sai ya yi baƙin hayaƙi. Kakan wannan ɗariƙa shi ne John Allen na garin Monterey a jihar Kalifoniya, wanda duwatsun da ya gina suka taso tun daga daɓen ɗaki, kuma ya koya wa Amurkawa tsufar da gini da gangan. Ya rasu a watan Janairun 1973, bayan kwana 10 gobara ta cinye aikin, kusan hotuna kawai suka rage.

Matsalar almajiransa ita ce rashin sanin inda za a tsaya. A garin Sarkin Dauɗa ba ka ganin gida ɗaya mai sabon fenti. Kowace taga a fashe, kowace mota ta ruɓe, kai ka ce an yi yaƙi an gudu. Shi da ke faɗa idan aka shigo masa falo da takalmi, shi ne zai kwana yana zana kashin tsuntsu a kan rufin tasha da buroshi mai gashi uku.

Mai Garin Tashin Hankali

Wannan ba ya iya ganin fili ya bar shi. A tebur mai tsawon mita 2 ya cusa tashar jirgi, da tashar ruwa, da ma'adinar kwal, da fadar sarki, da gidan namun daji. Alhali kilomita 1 kacal, idan za a bi ma'aunin HO da gaskiya, tana buƙatar sama da mita 11. A garinsa komai lokaci ɗaya yake faruwa. Ana ɗaurin aure a ƙofar coci, ana jana'iza a bayanta. Gida na ci da wuta, motoci biyu sun yi karo, 'yan sanda na bin ɓarawo, saniya ta tsinke ta hau titi. Kuma dole akwai bas a tsaye a kan gada, shekara da shekaru ba ta gaba ba ta baya.

Alƙiblarsa birnin Hambug ne, inda tagwaye Frederik da Gerrit Braun suka buɗe Miniatur Wunderland a 2001. A can dogon ya zarce kilomita 15, ana yin dare da rana kowane minti 15, har da filin jirgin sama da jirage ke tashi suna sauka. Abin da mutuminmu ya manta, su tagwayen gidan ajiyar kaya mai hawa-hawa suka samu, da ɗaruruwan ma'aikata. Shi kuwa ƙofar ɗaki ya cire ya ɗora a kan kujeru biyu.

Rushe-Gina

Hannunsa na da kyau, zuciyarsa ce ba ta zama wuri ɗaya. Ya gama tudu da ragar waya da filasta, ya yi fenti, ya dasa ciyawa da na'urar nan mai caji da ke sa zaren ciyawa ya miƙe tsaye. Kowa ya yaba. Ranar Asabar ya je baje koli ya ga tudun wani, ranar Lahadi ya ɗauko zarto. Gadarsa ta yi ƙaura sau da dama, koginsa ya sauya hanya, ƙauyensa na Ingila ya wayi gari a tsaunukan Suwizalan. Mutanen roba da ke garinsa 'yan gudun hijira ne na dindindin, rabin rayuwarsu a gwangwanin biskit suke yi. Jirginsa bai taɓa zagaye cikakke ba, domin kullum akwai inda ake gyara. Garin gyaran gira ake rasa ido.

Wanda Ya Manta da Jirgin

Ya shigo don jirgi, gine-gine suka sace shi. Tambaye shi rabon da ya kunna wuta a dogonsa, sai ya yi shiru yana tunani. Amma zai nuna maka ɗakin da ya sa wa gado da labule da hoto a bango, sannan ya rufe shi da jinka yadda babu mai sake gani har abada. Waliyyin wannan rukuni Roye England ne, mutumin Ostireliya da ya iso Ingila a 1925, ya ga tsofaffin gidajen karkara masu jinka suna ɓacewa, ya ɗaura niyyar adana su a ƙanƙance. Da kwali yake gini, yana fentin bulo ɗaya bayan ɗaya. Gidan tarihin Pendon da ya kafa a 1954 kusa da Okusfod yana nan, shi Roye ya rasu a 1995, masu sa kai suna ci gaba da aikin.

Mawaƙi Rod Stewart ma ɗan gidan ne. Ya shafe shekara 23 yana gina birnin Amurka na shekarun 1940, da dogayen benaye da masana'antu. Idan ya fita yawon waƙa, yakan kama ƙarin ɗaki a otal, a fitar da gadaje, ya baje kwali da gam. Dubban mutane na jiran sa a filin wasa, shi yana can yana manna taga da hantsaki.

Jirgina Ne

Na ƙarshe shi ne wanda duk sauran ke tsegumi a kansa, kuma ya fi su barci mai daɗi. Jirgin kwal na zamanin Sarauniya Biktoriya yana gudu kusa da jirgin Japan mai kan harsashi. Raƙumi na kiwo a cikin ƙanƙara. Mutumin da ke tsaye a bakin gida ya fi ƙofar tsawo. Idan Malam Ƙirga-Ƙusa ya buɗe baki, amsa ɗaya ce: "Malam, teburin nan naka ne ko nawa?" Yana da madogara kuwa, domin John Allen ɗin nan da ake girmamawa ya ajiye dabbar dainaso a kan teburinsa tana jan taragai. A gidan wannan mutum kaɗai ake barin yaro ya riƙe na'urar tuƙi, shi ya sa daga gidansa ake samun magada.

Duk wannan saɓani a cikin gida yake. A watan Mayun 2019 wasu matasa suka fasa wata makaranta a garin Stamford na Ingila cikin dare, suka farfasa tebura da kulob ɗin Market Deeping ya jera don baje koli, aikin shekaru ya zama tarkace. Cikin 'yan kwanaki jama'a suka tara sama da fam 100,000, Rod Stewart shi kaɗai ya ba da 10,000. Ranar babu wanda ya tsaya tambayar faɗin dogon wani.

Saboda haka, mai karatu, idan tafiya ta kai ka ƙasashen nan har wani dattijo ya ja ka gareji ya nuna maka duniyarsa, ka riƙe ladubba uku. Ka mayar da hannuwanka baya, kada ka taɓa komai. Kada ka kuskura ka kira abin kayan wasan yara. Sannan ko da wasa kada ka tambaye shi yaushe zai gama, domin babu ɗayansu da ke da niyyar gamawa.